Na hana Umma cin awara, yanzu da ƙyar take amsa gaisuwata

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Bara aka yi wa Ummanmu aikin kansar mama, aka cire na hagu. Ni na yi jinyarta wata huɗu, na bar yarana hannun abokiyar zamana. Yayyena maza kuɗi kawai suke turowa, shi ma sai na buga waya sau uku. Ba ƙorafi nake ba, uwa ce. To tun da aka sallame ta ƙarnin nama ke tayar mata da zuciya, awara kaɗai take iya ci, safe da yamma, wata maƙwabciya ke soya mata. Kwatsam matar yayana ta turo min saƙon murya wai waken suya na da sinadarin mata da ke ciyar da cutar kansar mama. Ranar ban runtsa ba. Gari na wayewa na hana maƙwabciyar kawowa. Yau sati uku, Umma ta rame, ga zafi na taso mata da dare har zaninta ya jiƙe. Ya zan yi?

Uwar Biyu: Allah Ya ba Umma lafiya. Amma wane magani take sha, kuma me likitanta ya ce?

Malamin Kimiyya: Ƙanwata, ki mayar mata da awararta yau ɗin nan. Sinadarin da ake magana sunansa isofilabon, manyansa jenistin da daizen. Sun yi kama da istirojin na jikin mace, amma ƙarfinsu bai ko kusa da nasa ba. An gwada wannan a kan mutane. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bi mata sama da 5,000 da aka yi wa maganin kansar mama na kusan shekara 4, aka buga sakamakon a 2009. Waɗanda suka fi cin abincin waken suya su ne ciwon ya fi ƙarancin dawo wa, mutuwa ma ta fi ƙaranci a cikinsu.

Yaya Babba: Malam, a bi a hankali. Ba an ba ɓeraye wannan jenistin ɗin ba, ƙarin kansar da aka dasa musu ya girma? Kuma a Ostireliya a shekarun 1940 tumaki sun daina haihuwa saboda wata ciyawa mai irin wannan sinadari. Ni dai rigakafi ya fi magani. Ki ba ta ƙwai da wake da kifi, 'yar uwa.

Malamin Kimiyya: Duka biyun gaskiya ne, Yaya. Amma ɓerayen an cire musu mahaifar ƙwai, ba su da garkuwar jiki, kuma jikin ɓera ba ya sarrafa sinadarin yadda na mutum ke yi. Tunkiya kuwa wuni take tana kiwon ciyawar nan. Mutanen Japan kullum cikin cin waken suya suke, kuma kansar mama ta fi yawa a Amurka.

Mai Awara: Wallahi irin saƙonnin nan sun kashe min kasuwa. Shekara 9 ina soya awara, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara. Yanzu samarin unguwa sun daina saye wai tana rage ƙarfin namiji. Mijina ma ya ce kar in ƙara sa masa a faranti, alhali da ita na riƙe gidan lokacin da ba shi da aiki.

Malamin Kimiyya: An tattara gwaje-gwajen da aka yi kan maza a 2010, aka sake a 2021, ba a ga waken suya ya rage musu testosteron, wato sinadarin mazakuta, ba. Ki gaya wa maigida.

Mai neman shawara: Anti Uwar Biyu, tamoksifen take sha, maganin hana kansar dawowa. Likita bai ce komai kan abinci ba, ni ma ban tambaya ba, layi ya yi yawa. Kuma kar a ɗauka sakaci na yi, na saya mata wasu ƙwayoyi na ganye a kemis saboda zafin daren, masu tsada ne ma.

Uwar Biyu: Duba kwalbar, me aka rubuta?

Mai neman shawara: Na duba, akwai hoton waken suya a jiki. Amma mai kemis ya ce tacacce ne, ba kamar na kasko ba.

Malamin Kimiyya: Subhanallah! Kin hana abincin, kin ba ta ƙwayar da aka tattara sinadarin a ciki. Binciken Shanghai kan abinci aka yi shi, kuma har masu shan tamoksifen ya haɗa. Ƙwayar kuwa, hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta duba ta a 2015, ba ta ga illa ga lafiyayyun mata da suka daina al'ada ba, amma hukuncin bai shafi masu irin ciwon Umma ba. Zafin daren ma sananne ne ga masu shan tamoksifen. Ki ajiye kwalbar nan sai likita ya gani.

'Yar Zariya: Ni kam maganin maƙoƙo nake sha. Wata shida awona bai daidaita ba, ashe madarar waken suya da nake kora ƙwayar da ita ke hana ta shiga jiki. Sai daga baya aka ce in ba da tazarar awa 4. Babu wanda ya gaya min tun farko, kuɗin gwaji kawai nake ta zubarwa.

Mai neman shawara: Malam, na gode, amma ku ba ku ga abin da na gani a ɗakin jinyar nan ba. In ciwon ya dawo, ni dangi za su nuna da yatsa, ba mutanen Shanghai ba. Kuma tun da ta fara shan ƙwayar kemis ɗin kamar gumin ya ɗan ragu.

Yaya Babba: Ki bar duka biyun kawai, hankalinki ya kwanta.

Malamin Kimiyya: A bar duka biyun ta ci me? Mai jinya tana ramewa fa.

Mai neman shawara: Sai wata mai zuwa za mu koma asibiti. Bari in yi magana da babban yayanmu tukuna, in ya ɗauki waya.

Uwar Biyu: To Umma fa, kin tambaye ta me take so?