Tsohon zaure ya tsage bayan damina: siminti ko yaɓe?

Ɗan Kwarbai:
Assalamu alaikum. Masana gini, ina neman shawara. Tsohon zaure ne a cikin birni, rufin ɗaurin guga, wato rufin ƙasa mai tulluwa da ke tsaye kan bakuna masu gittawa, damina ta bar masa tsaga daga rawani, wato saman bango, har kusan rabin bangon. Wasu sun ce a shafe shi da siminti, a ɗora kwano, a huta. Hakan zai raya shi ko zai kashe shi?

Magini:
Wa alaikumus salam. Malam, kada siminti ya taɓa bangon nan. Ginin ƙasa yana shan damshi yana fitarwa, siminti kuwa tsare damshin yake yi, ƙasa ta ruɓe a ciki alhali waje na ƙyalli. In ka ƙwanƙwasa bangon da aka yi wa haka ka ji yana amon ganga, filastar ta riga ta rabu da shi.

Fara gano ko tsagar tana tafiya. Yaɓa laka siririya a kanta wuri 3, ka duba bayan mako 3. In lakar ta tsage, ginin na motsi, ciwon yana gindi ko a azara. Sannan a hau soro a duba indararo, don yawancin irin wannan tsaga toshewarsa ce ke jawo ta. Ya fito aƙalla kamu 1 daga bango, kada ruwa ya riƙa zuba a gindi.

In tsagar a tsaye take, a bari sai hunturu. A faɗaɗa bakinta, a kankare ƙasar da ta saki, a jiƙa. A gitta guntayen azara a ciki duk bayan kamu 1. A cuɗa birji, wato jar ƙasar gini, da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, a bar shi kamar mako 1 ana juyawa. Cikawa kaɗan-kaɗan ake yi, kaurin yatsa 2, ya sha iska kafin a ƙara. Mai gaggawa sabuwar tsaga yake samu. A ƙarshe a shafa makuba, wato shafen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, a bango, laso kuwa, shafen gargajiya mai hana ruwa shiga, a saman rufi.

Malamar Samaru:
Baba Magini ya gama magana kan bango. Abin da zan ƙara shi ne azara. Ba ta haye fiye da kamar mita 1.8 ba tare da ta lanƙwasa ba, shi ya sa bakan gizo, wato bakan da ke ɗauke da rufin, guntayen azara ne aka ɗaure da igiya, wani bisa wani. Wurin da take ruɓewa shi ne bakinta da ke binne cikin bango mai damshi. A soka basilla. In ta shige da sauƙi, a tokare bakan da itace tukuna, a kuma hana zama a zauren.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wani sashensa ya rufta ranar 11 ga Agusta 2023 ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, kuma Sarkin Zazzau ya ce an ga tsagar kwana ɗaya kafin nan.

Kwano kuwa ban ƙi shi ba, in za a kafa shi a matsayin rumfa bisa nasa ginshiƙan, iska na ratsawa, ba a buga ƙusa a jikin ɗaurin guga ba.

Bazazzagi:
Ranka ya daɗe Magini, laso fa a baki ne mai sauƙi. Katsin marina ake buƙata, wato abin da ke kwanciya a ƙasan rijiyar rini, da gashin jima, da dafara, wani tsiro mai yauƙi. Marinar ta ragu, katsi ya yi wuya, masu sanin haɗin kuma tsofaffi ne. Ɗan Kwarbai, ka sa matasa biyu su tsaya tare da maginin daga cuɗa birji har shafe, a ɗauki hoton kowane mataki, a auna zauren a zana shi kafin a taɓa adon bango. In laso bai samu ba, makuba ta wadatar, amma sai an sabunta ta kafin kowace damina.