Wane littafin jarumta zan ba yarona ya karanta?

Lawali Mokoyo: Salamu alaikum jama'a. Yarona shekararsa 13, an yi hutun lakwal, ba abin da yake sai kallon finafinan faɗa a waya. Ina son littafin da zai ga jarumi na ƙwarai a ciki. Ku ba ni shawara.

Sani Tela: Wa alaikumus salam. Ba shi Ganɗoki na Bello Kagara. Mutum ne da ya yi yaƙi da Turawa, daga baya ya shiga duniyar aljannu, bai taɓa ba da baya ba. Yaro mai son faɗa ba zai ajiye shi ba.

Mushe Isufu: Malam Sani, Ganɗoki yana da daɗi, amma ni ba da shi zan fara ba. Yaron ga ya ƙoshi da masu ƙarfi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam nake gani, tare suka fito a 1934. Jarumin littafin, Alhaji Imam, bai da takobi bai da runduna. Ya ɗauki alkawarin samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi shekara 15 a hanya, aka ɗaure shi, aka wulaƙanta shi, bai koma gida hannu rabbana ba. Wannan riƙon alkawari shi nake so yara su gani. Ƙarfi kyauta ce ta Allah, wani ya samu wani bai samu ba, amma naci kowane yaro na iya koya.

Hajiya Rabi: Mushe, kar ka manta da irin damfarar da suka riƙa yi wa juna shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Lawali ya zauna da yaron su karanta tare, ya riƙa nuna mishi inda dabara ta zama cuta.

Mushe Isufu: Gaskiyarki Hajiya.

Hajiya Rabi: Ni Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa ya fi taɓa ni. An sace shi yana ƙarami, aka ƙetara Sahara da shi. Amma jarumar littafin a wurina uwarsa ce, da ta bar gida ita kaɗai ta bi sawun ɗanta har ta faɗa bauta. Ba ta kashe kowa ba, kuma ban ga wanda ya fi ta zuciya ba.

Nana Hadiza: Baba Lawali, in yana karanta Faransanci a ƙara mishi da Sarraounia na Abdoulaye Mamani, 1980. Labarin Sarauniya Mangu ne da ta tsaya wa sojan Faransa da Voulet da Chanoine suka jagoranta a Lugu, cikin Nijar ta yau, a 1899. Ƙasarmu ce, kuma ita mutanenta take karewa, ba dukiya ta fita nema ba kamar Sindibad da tafiye-tafiyensa 7.

Sani Tela: Ɗiyata, kar ki raina Sindibad. Jirgi ya nutse da shi ya sake hawa wani, ai wannan ma zuciya ce.

Lawali Mokoyo: Na gode ƙwarai. Da Ruwan Bagaja za mu fara, ni da shi bayan isha'i. Wa ke da shi?

Mushe Isufu: Nawa yana nan, bangon ya ɗan yage amma shafukan sun cika. Aiko shi gida gobe da la'asar ya karɓa da kansa. In ya gama ya zo ya ba ni labarin da baki, sannan in ba shi Shaihu Umar.

Sani Tela: Ganɗokin kuma ranar Juma'a zan shiga Katsina, zan dubo muku a kasuwa.