Tina Brooks: ina sauran faya-fayansa?

Ɗan Yantala: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai faifan True Blue na Tina Brooks a nan Yamai, amma sautin na karce. Mace ce? Kuma yana da wasu?

Malam Tahoua: Wa alaikumus salam ƙanena. Namiji ne, Harold Brooks, ɗan Amurka mai busa saksofon tenor, ya rayu 1932 zuwa 1974. True Blue na 1960 ne a kamfanin faya-fayai na Blue Note, Freddie Hubbard na busa ƙaho. Wannan faifan kaɗai ya fito da sunan Brooks yana raye. Wani faifansa, Minor Move, an ɗauke shi 1958, bai fito ba sai 1980 a Japan. A ganina an zalunce shi, busarsa ba ta gaza ta Hank Mobley, wani mai busa saksofon tenor, ba.

Mai Gyaran Rediyo: Karcen nan galibi ƙurar hunturu ce cikin layukan faifan. Goge shi da ruwan batir, ba asid ba, da ƙyalle mai laushi, kana bin zagayen layin. Sa gudun na'urar kan 33, wato zagaye 33 a minti. Ajiye shi tsaye cikin inuwa, zafin Afrilu na lanƙwasa shi. In bai daina ba, allurar na'urar ce ta cinye.

Ɗan Yantala: Na gode Malam, madalla.