"Wataƙila ta hana Bature ƙarya": yabo ne ko gugar zana?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum. Jiya na tambayi telana ko ɗinkina zai samu kafin Juma'a, ya ce wataƙila. Na ce masa ai ita ta hana Bature ƙarya, sai na ga ransa ya ɓaci. Ni a sanina ba zagi ba ne. Don Allah ku warware mini.

Uwar Biyu: Ɗana, dole ya ji haushi. Mu a gidanmu mai zamewa ake yi wa wannan magana, wanda ba ya son a kama shi da alkawari. Ka ce masa mai wayon baki ne a fakaice.

Malamin Hausa: Hajiya, a gafarce ni, ban ga zambo a ciki ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, talaka kan kai kuka gaban Di'o ko Razdan, wato Turawan mulki, ta bakin tafinta. A fahimtata, abin da mutanenmu suka lura shi ne Bature ba ya yanke magana a kan abin da bai tabbatar ba, sai dai ya ce wataƙila. In abu ya faru, ya faɗa. In bai faru ba, ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Ita kanta "ƙila" daga Larabci take, ma'anarta "an ce", wato mai magana ya sauke nauyin daga wuyansa. Turanci ma yana raba abin da zai iya faruwa kawai da abin da ake kyautata zaton faruwarsa, kowanne da kalmarsa. Mu ma haka: akwai "mai yiwuwa", akwai "da alama", sai "da kamar wuya, gurguwa da auren nesa", har a kai ga "ba ta saɓuwa, bindiga a ruwa".

Uwar Biyu: Malam, ai ka faɗi abin da nake nufi. Sauke nauyin nan shi ne laifin. Tela ya san yawan ɗinkin da ke gabansa. Wanda bai sani ba ya ce wataƙila, babu komai. Wanda ya sani fa?

Ɗan Zazzau: To Hajiya, in ba shi haƙuri ke nan?

Uwar Biyu: Ka ba shi, sannan ka tambaye shi kaya nawa ne a gaban naka.