Tsawon lokacin da shari'ar cutar asbestos ke ɗauka

Mai Neman Haske:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Likitoci sun tabbatar wa baffana yana da mesotiliyoma, wato ciwon dajin da ke kama fatar da ta lulluɓe huhu, kuma sun danganta shi da ƙurar asbestos (wani ma'adini mai zare-zare da aka yi amfani da shi wajen kare zafi da gobara) da ya shaƙa lokacin da yake aikin gyaran jiragen ruwa a Amurka a shekarun 1970. Lauyoyi sun ce yana da haƙƙin neman diyya, amma abin da ke damunmu shi ne ko zai ga ƙarshen shari'ar da idonsa. Shin irin wannan ƙara tana ɗaukar watanni ne ko shekaru?

Ɗalibin Shari'a:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba baffa lafiya. Tsawon lokacin ya danganta da hanyar da aka bi. Akasarin waɗannan ƙararraki da sulhu suke ƙarewa kafin a kai gaban alƙali, kuma idan an yi sulhu kuɗi kan fito da wuri, yayin da shari'ar da aka yanke hukunci a kanta kan ƙara shekaru idan kamfanin ya ɗaukaka ƙara. Kotuna da yawa suna ba masu wannan cuta fifiko a jadawalin sauraron shari'a. A jihar Kaliforniya ta Amurka, idan likita ya shaida cewa da wuya majinyaci ya wuce wata 6, doka ta ba da damar sanya ranar sauraron shari'a cikin kwana 120. Abin da ya fi cin lokaci shi ne gano kamfanonin da suka ƙera kayan da ya yi aiki da su, domin cutar kan ɓuya shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana, kuma a lokacin takardun aiki sun ɓace, abokan aiki da yawa sun rasu.

Uwar Marayu:
Ina so in ƙara hanya guda da ba a ambata ba. Kamfanoni da dama sun karye saboda yawan ƙararraki, kamar Johns-Manville mai ƙera kayan asbestos a 1982, kuma aka kafa asusun amana domin biyan masu cutar ba tare da zuwa kotu ba. Wannan hanyar ta fi sauri ƙwarai, sai dai asusun kan biya wani kaso ne kawai na darajar da aka ƙayyade wa da'awar.

Ɗalibin Shari'a:
Haka ne, Hajiya, kuma ana iya nema daga asusun da kuma kotu a lokaci guda. Shawarata gare ka, ɗan'uwa, ita ce kada ku jira. Wa'adin shigar da ƙara yana farawa ne galibi daga ranar da aka gano cutar, kuma a wasu jihohin shekara 1 ce kacal. Ku nemi a naɗi shaidar baffa ta bidiyo tun yana da ƙarfin tuna sunayen jirage da kamfanoni, domin idan rai ya yi halinsa magada za su iya ci gaba da neman haƙƙin, kuma wannan shaidar ce za su dogara da ita.