Na faɗi a kan hancina ina ɗan shekara 8, yanzu ina 31. Tiyata za ta iya gyara shi?

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar wanda ya san abin nan, ko ya taɓa shiga halin da nake ciki.

Ina ɗan shekara 8 na faɗo daga kan keke, fuskata ta daki bakin dakali. Na yi haɓo sosai, har yau ina tuna yadda jini ya jiƙa gaban rigata. Mahaifiyata ta matse min hancin har jinin ya tsaya. Ya kumbura na 'yan kwanaki, ya sace, aka manta da zancen. Ban ga laifin kowa ba, don a lokacin hancin a miƙe yake. Akwai hotona na gama firamare, ba abin da za ka gani.

Sai da na kai wajen shekara 14 karan hancin ya fara karkata dama, kaɗan-kaɗan, har ya tsaya yadda yake yanzu. Kafar hancina ta hagu kusan kullum a toshe take. In na danne ta dama da yatsa na ja numfashi, sai ka ji wani siririn fito kamar iska na bi ta ƙasan ƙofa. Da baki nake numfashi in ina barci, in tashi da asuba maƙogwaro ya bushe ƙamas. Maiɗakina ta ce munsharina yana hana ta runtsawa, kuma hakan na damuna ƙwarai. Mura in ta kama ni sai ta yi mako uku, da ciwon goshi da nauyi a ƙarƙashin ido. Yau wata takwas ke nan Otrivin, maganin fesawa na buɗe hanci, ba ya barin aljihuna.

Shin faɗuwar shekara 23 da suka wuce ce ta jawo wannan? In ita ce, me ya sa ba ta nuna ba sai da na girma? Kuma ban makara ba? Numfashin ne babbar damuwata, amma ba zan ɓoye ba, in za a ɗauki hoto nakan ɗan juya fuska gefe.

Ma'aikaciyar jinya, sashen kunne, hanci da maƙogwaro

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba ka makara ba ko kaɗan, kuma labarinka mun saba jin irinsa.

Tsakanin kafofin hanci biyu akwai bango, likitoci na ce masa seftum. Gabansa guringuntsi ne, bayansa ƙashi. Hancin yaro yawancinsa guringuntsi ne, shi ya sa zai iya tsagewa ko ya goce daga mazauninsa ba a gani daga waje, hoton ƙashi ma sau da yawa ba ya nuna shi. To wannan bangon shi ke jan girman hanci, kuma hanci ba ya gama girma sai wajen shekara 15 zuwa 16 ga mata, 16 zuwa 18 ga maza. Bangon da ya ɗan goce a shekara 8, da saurin girman balaga ya zo sai ya ci gaba da tsawo a karkace, ya ja karan hancin ya bi shi. Icen da ya tanƙware yana ɗanye, haka zai tashi. Likita ne kaɗai zai tabbatar bayan ya leƙa da siririyar kyamara, amma shekarun da ka faɗa sun yi daidai da haka.

Tiyatar iri biyu ce, kuma a nan mutane ke rikicewa. Ta farko, seftofilasti, ta cikin kafar hanci ake yin ta: a ɗaga fatar da ta lulluɓe bangon, a rage inda ya lanƙwashe, a mayar da sauran tsakiya. Ba tabo a waje, yawanci ba ta wuce awa ɗaya da rabi, kuma galibi a ranar ake sallama. Numfashi take gyarawa, kamannin hanci na nan yadda yake. In kana son karan hancin ma ya miƙe, sai an haɗa da ta biyu, inda ake tsaga ƙasusuwan gefe a daidaita su, wani lokaci a tallafe da guringuntsin da aka ciro daga bangon, ko kunne, ko haƙarƙari. Ka faɗa wa likita ƙarara wanne kake so tun ranar farko. Yin su tare ya fi sauƙi, domin in an riga an cire guringuntsin bango a tiyatar farko, daga baya sai an je nema a wani wuri.

A 2023 an wallafa wani bincike da aka yi a Birtaniya a kan mutum 378 masu karkataccen bango. Aka yi wa wasu tiyata, wasu aka ba su maganin fesawa na sitiroid mai rage kumburi, da ruwan gishiri. Bayan wata shida waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun sauƙi.

Amma don Allah, batun Otrivin ɗin nan ya fi gaggawa. Maganin 'yan kwanaki ne, bai kamata ya wuce mako ɗaya ba. In aka daɗe a kansa, da ya saki sai hanci ya ƙara kumbura, ka sake fesawa, haka nan ba iyaka. Mai yiwuwa wani kaso na toshewar da kake ji yanzu aikinsa ne.

Wanda aka yi wa tiyatar shekara biyu da suka wuce

Malam, ni gwiwar hannun abokina ce ta same ni a filin ƙwallo ina 11. An yi min tiyatar iri biyun a haɗe.

Makon farko ba daɗi, gara ka sani. Ciwon bai kai yadda na zata ba, toshewar ce ke wahalarwa: robobi biyu a cikin hanci, filasta mai tauri a kai, ƙarƙashin ido ya yi baƙi. A jingine na riƙa barci da matashi uku. Ba fyace hanci, atishawa da baki a buɗe, wanke hanci da ruwan gishiri sau da yawa a rana. Haƙorana na gaba na sama sun yi kamar ba nawa ba har 'yan makonni. Tabarau ma an hana ni ɗora shi a kan karan hanci fiye da wata guda.

Ranar da aka zare robobin na ja iska ta kafa biyu lokaci guda, na ji sanyinta har cikin kaina. Wallahi sai da na yi ƙwalla, don ban san haka mutane ke numfashi ba.

Sai dai hancina bai miƙe sak ba. Likitan ya gaya min tun kafin a shiga cewa guringuntsi yakan so komawa yadda ya saba, kuma akwai waɗanda sai an sake taɓa musu. Kumburin kan hancin ma sai da ya kusa shekara kafin ya gama sacewa. Munshari ya ragu sosai amma bai ɗauke ba, don ba hanci kaɗai ke kawo shi ba. Ka tambayi likitanka haɗarin zubar jini, da hujewar bangon, da raguwar jin ƙamshi.

Maman yara uku

Ni ga iyaye zan yi magana. Ɗana na shekara 6 ya yi karo da ƙofa, jini kaɗan ne ya fito. Washegari na ga yana numfashi da baki, ba mura ba majina. Na haska fitilar waya cikin hancin, sai ga wani jan kumburi mai laushi a jikin bangon, ta kowane gefe, ya cike hanya. A ranar muka je asibiti aka tsaga aka fitar da jinin da ya taru. Likitar ta ce guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini nasa, daga fatar da ke manne da shi yake ci. In jini ya raba su, cikin 'yan kwanaki zai fara mutuwa, ya yi mugunya, daga baya karan hanci ya lotsa kamar sirdi. Ta kuma ce in ƙashi ne ya goce, na yaro yana saurin haɗewa, don haka cikin mako guda zuwa kwana goma ake son a daidaita shi.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Anti, bayaninki ya warware min abin da na daɗe ina juyawa a raina, don har na fara zargin kaina ko ni na ƙirƙiri alaƙar. Na karɓi ranar ganin likita mako mai zuwa, zan tafi da kwalbar maganin da hoton nan na firamare, kuma zan ce masa duka biyun nake so. Maman yara, ina da ɗa mai shekara 4 da ba ya zama wuri ɗaya, na karanta wa mahaifiyarsa abin da kika rubuta.

Saura tambaya ɗaya, Anti: maganin fesawar, in yanke shi gaba ɗaya daga yau, ko in fara da kafa ɗaya kafin ranar?