Neman shawara: mayar da wasan dabo sana'a tsakanin Gombe da Bauchi

Ɗan Jekadafari

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ƙanina ɗan shekara 22 ya iya dabo na hannu, irin ɓatar da kwabo da yanka igiya a mayar da ita. Yana so ya riƙa zagaya makarantu da wuraren biki daga Gombe zuwa Kumo, Bauchi da Azare, ya kuma buɗe shirin kai tsaye a Facebook ko TikTok. Da wane kaya zai fara? Yaya zai yi kada a ɗauke shi matsafi? Intanet ɗin kuma tana kawo kuɗi kuwa?

Malam na Wunti

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tambayarka ta biyu ita ce gaba, don ita ke kashe wannan sana'a a ƙasarmu. Kafin ya taɓa komai ya faɗa a lasifika cewa rufa-ido ne, saurin hannu da dabara, babu aljani babu tsafi, kuma ya maimaita in zai tashi. Ba laya, ba guru, ba surkulle, kada kuma ya karanta aya a kan kayan wasa. Wasan ninka kuɗi ya bar shi har abada: ranar da ya mayar da dubu ɗaya dubu biyu, washegari wani zai sallama masa da jarinsa a leda. Karta ma a ajiye ta, idon mutanenmu caca yake gani. In a fili ne, a sanar da mai unguwa da 'yan sandan yankin, a Bauchi har da Hisba. In makaranta ce, a kai takarda, a yi wa shugabanta gwajin minti biyar a ofis.

Kayan farawa jaka ɗaya ta ishe su. Kofi uku na ƙarfe masu shiga cikin juna, ƙananan ƙwallaye huɗu (huɗu, ba uku ba, ya san dalili) da lemon tsami uku na rufe wasan. Igiyar auduga mai kaurin ɗan ƙaramin yatsa, mita ɗaya da rabi a kowane wasa, a zare zaren cikinta don ta yi laushi. Ta nailan santsi gare ta, ƙulli ba ya zama, bakinta kuma warwarewa yake da an yanka. Almakashi ya zama mai kaifi, wanda ya dakushe yakan tauna igiya daidai lokacin da ake son ido ya bar wajen. Sai hular babban yatsa ta roba, wato yatsan ƙarya da ake ɓoye ƙyalle a ciki, da ƙyallen siliki mai inci 9. Yawancin hulunan da launin fatar Turawa suke zuwa, a shafa musu fenti marar ƙyalli daidai da fatarsa. Tebur ya kai ƙugu, a shimfiɗa bargo mai kauri don kada ƙarar kwabo ta tona asiri.

Inda wasa ya fi lalacewa kuwa wajen tsayuwa ne. Mu da'ira muka saba yi wa mai wasa, kamar yadda ake kewaye gardawa da 'yan tauri, shi kuwa dabo ba ya son ido a baya. Ya jingina da bango, a ja igiya taku huɗu a gabansa, kada 'yan gefe su wuce saitin kafaɗarsa. A duba katanga da bishiya. Yaran da ke zaune a ƙasa su ne masu kama mutum, don ta ƙarƙashin hannu suke kallo. Wasa shida ko bakwai cikin minti 30 zuwa 35 ya isa, kuma ko an roƙe shi kada ya maimaita wasa ɗaya, karo na biyu hannu ake kallo.

Mai Kyamara Tumfure

Sannu da ƙoƙari, Malam. Bari in ɗora a kan ta intanet. Kyamara ido ɗaya ce da ba ta ƙiftawa, ba ta kuma juyawa in ka yi mata zance, saboda haka dabarar ɗauke hankali da ke aiki a gaban jama'a ba ta aiki a nan. Ga masu rage gudun bidiyo suna binsa hoto-hoto. Ya zaɓi wasannin da sirrinsu ke faruwa a bayan hannu ko kafin a kunna. Kada ya yanka bidiyo a tsakiyar wasa, da an ga yanka an ce haɗi ne. Waya a kan ƙafa uku saitin ƙirji, tazarar mita ɗaya da rabi, da kyamarar baya, don ta gaba takan juya rubutu da hannu. Fitila ta zo ta gaba, in ta fito ta baya duk siririn zare sai ya bayyana. Makirfo na maƙalawa a riga, tunda hannu biyu na aiki. Shirin kai tsaye na awa ɗaya yana cin kusan giga ɗaya, a gwada sabis a ɗakin a daidai lokacin da za a yi, ba da rana ba.

Kuɗi fa? YouTube ba ya raba kuɗin talla sai da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, kuma ba a turo kuɗin sai sun kai dala 100. Facebook ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar kuɗin talla a 2024. A TikTok kyautar masu kallo ce ake samu. Amma tallan da ake nuna wa masu kallo a nan gida kuɗinsa kaɗan ne, don haka ya ɗauki shafin a matsayin allon talla: lambar waya a kowane bidiyo, da faifan minti ɗaya mai nuna fuskokin 'yan kallo suna ihu. Shi masu makaranta ke son gani. Bidiyon tona asirin dabo kuma yana jan mabiya sosai.

Baba Azare

Ɗana Mai Kyamara, wannan ta ƙarshe ban yarda da ita ba. Wanda ya tona igiya yau, da me zai je Misau gobe? Ƙungiyar masu dabo ta Magic Circle da ke Landan tun 1905 take, kuma rufe sirri ne ginshiƙinta. Ya koyar da ƙaramin wasa ɗaya na yara, ya isa shaida cewa dabara ce.

Yawo kuma da kalanda ake yin sa. Bukukuwan yaye ɗalibai a Yuli, makon Sallah, sai Disamba a Kaltungo da Billiri. Azumi na gyaran kaya ne da atisaye. Ya haɗa wurare biyu ko uku a hanya ɗaya, kuɗin mota ɗaya ya ɗauke su. Ya lissafa mota, mataimaki, man janareto da igiyar da zai yanka kafin ya faɗi farashi, ya karɓi rabi kafin alƙalami, ragowar kafin ya buɗe jaka. Janareto a nesa, ko ya cinye muryarsa.

Don Allah ya nisanci wuta, wuƙa da bindiga. Mai dabo Chung Ling Soo, wanda asalinsa Ba'amurke ne mai suna William Robinson, a wasan cafe harsashi ya mutu a Landan a 1918, bayan shekaru yana yin sa lafiya. Kada kuma ya raina sana'ar. Farfesa Peller na Iseyin, wanda aka kashe a Ibadan a 1997, da ita ya zagaya Afirka ta Yamma, har yau sunansa ake kira in an ga abin mamaki.

Ɗan Jekadafari

Allah ya saka da alheri. Ya ce in tambaya, da sanyi kwabo na zame masa daga tafi. Akwai magani?

Malam na Wunti

Hunturu ne ke busar da fata. Ɗigo biyu na gilisarin a cikin cokalin ruwa, ya murza minti goma kafin ya fara, ya goge da tawul. Ban da basilin, santsi zai ƙara. Da bazara kuma gumi ne matsalar, ya ajiye hankici a aljihun hagu, balan-balan da roba kuma kada su wuni a cikin mota, zafi na sa su tsinke a hannu.